Murya ta Bakwai

Ranar Laraba da hantsi aka sace rikodar Dakta Rhoda, lokacin da kowa a kwalejin yake majami'a wajen sujadar safe. Da aka tashi ta koma ofishinta a sashen nazarin laifuka da zamantakewa, ta sa mabuɗi ƙofa ta buɗe lafiya lau, ta ja durowa, wayam.

Rikodar ba ta fi tafin hannu ba, ko a kasuwa ba za ta yi wata daraja ba. Abin da ke cikinta ne ya ɗaga hankali. Wata takwas Dakta Rhoda ta yi tana bin lungunan Sabon Gari da Jushi da Dogarawa, tana hira da mutanen da suka taɓa zaman gidan yari tana naɗar muryoyinsu. Su goma sha biyu ne, kuma kowanne ta yi masa alkawarin ba wanda zai san sunansa ko inda yake. Ko a aji da lamba take kiransu, murya ta ɗaya, murya ta biyu.

Kwalejin ƙarama ce, ta wata ɗariƙar Kirista, a bayan Samaru. Irin wurin nan ne da in ka yi atishawa a bakin get, kafin ka kai laburare an yi maka sannu da mura. Kafin azahar kowa ya yanke hukunci. Mabuɗin ofishin biyu ne, ɗaya a hannun Dakta, ɗaya a hannun shugaban 'yan ajin ƙarshe, Chukwuebuka, wanda ake kira Ebuka. Ga shi kuma mahaifinsa kayan lantarki yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Ɗaliban da suka shekara huɗu ana koya musu kada su zargi mutum ba hujja, su suka fara ja da kujerunsu daga kusa da shi.

Shugaban kwalejin, Rabaran Mordecai, bai ja magana ba. Doka a rubuce take, ɗalibin da ya yi sata korarsa ake yi. Kwamitin ladabtarwa zai zauna Juma'a ƙarfe goma sha biyu, in ba a samu wani ba, mai mabuɗi ne zai tafi. Saura mako uku a fara jarrabawar ƙarshe.

Dakta Rhoda ba ta gamsu ba, sai ta aika a kira Baba Jatau.

Jatau shi ne babban maigadin kwalejin. Kafin tsufa da rashin daji su koro shi gari, maharbi ne a ƙauyukan yammacin Giwa, mai bin sawu, wanda ake tasowa daga nesa in an kore shanu. Sau ɗaya a shekara Dakta kan kawo shi aji ya nuna wa ɗalibai yadda ƙasa take ba da shaida. Su rubuta a littafi, su tafa masa, shi kuma ya koma kan bencinsa yana kewar warin ciyawar da aka taka da asuba.

Ruwa aka yi da safiyar, don haka yana tafe yana murna a ransa, jar lakar Samaru ba ta rufa wa kowa asiri. Da ya tsaya a bakin ƙofar ofishin sai murnar ta koma ciki. An share ɗakin tas.

"Malama, ke kika share?"

"Ni? Baba, ko tsintsiyar ban san inda take ba."

Tsintsiyar tana jingine a jikin kabad. Ya durƙusa ya karkata kai yana duban siminti ta gefen haske. Ɓarawon ya shigo da laka a takalmi, ya tuna karatun da Jatau ya koyar da bakinsa, ya share sawunsa. Bayan ƙofa ga 'yar tarin busasshiyar laka an tattara ta wuri ɗaya, tsaf. Jatau ya daɗe yana kallonta. Wani abu ya taɓa shi a rai, amma ya rasa ko mene ne.

Da labarin shara ya fita, sai zargi ya rabu biyu, rabi ya koma kan Mama Bibiana mai share ofisoshi. Jatau ya same ta a bayan kicin tana wanke bokiti, ta riga ta cika tana batsewa.

"Jatau, kai ma ka zo ka tambaye ni? Shekarana sha tara a makarantan nan, ko biro ban taɓa ɗauka ba."

"Ni gaisuwa na zo yi, Bibiana. Yaya ƙafar?"

"Ƙafan na nan. Tambayi abin da ya kawo ka."

"Yaushe kika share ofishin Malama?"

"Litinin. Sai ta buɗe nake shiga, tana zaune nake yi. Yau kuwa tun bakwai ina asibiti wajen allura, ga kati." Ta zaro shi daga bakin zane ta kaɗa masa a fuska. "Kuma je ka duba. In ka ga an yayyafa ruwa an kwashe sharan an kai bola, to ni ce. Ni ban barin shara a ɗaki."

Wannan gaskiya ne, duk kwalejin an san ta da shi. Ya ba ta haƙuri, ba ta karɓa ba.

Washegari Alhamis ya hau bas zuwa Sabon Gari. An ce Ebuka ya zauna a gida har kwamiti ya zauna, sai ya same shi a shagon mahaifinsa, zaune a kan kwali tsakanin fankoki da rediyoyi, ido jawur. A Sabon Gari aka haifi yaron, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Samaru.

"Baba, ka duba shagon duka. Ka duba gidanmu. Me zan yi da rikodar?"

"Ban zo duba shago ba, ɗana. Jiya da safe ina mabuɗin yake?"

"A wurina."

"A jikinka?"

"Ran Laraba ni ke buga ganga a sujada. Mabuɗan suna sukata a cinya, sai in rataye su a ƙusa a ɗan ɗakin bayan bagade, inda mawaƙa ke ajiye riguna. Da aka tashi na same su a wurin."

"Wa ya san kana haka?"

"Duk 'yan ajinmu. Mu tara ne. Har tsokanata suke yi."

"Ka gaya wa Rabaran?"

"Na gaya masa. Ya ce ko dai na sata ko na yi sakaci, kuma ba shi da wani sunan sai nawa."

Mahaifiyarsa ta fito daga bayan kanta riƙe da leda, ta buɗe wa Jatau. Atamfa ce, an riga an ɗinka, ta ankon bikin kammala karatu. Ebuka ne na farko a gidansu da ya taɓa kaiwa nan. Jatau ya yaba ɗinkin, ya yi musu sallama ya fito.

Da ya dawo ya wuce ofishin Dakta Rhoda.

"Malama, yaran nan tara, sun taɓa jin abin da ke ciki?"

"Sau ɗaya. Ran Litinin na kunna musu minti biyar na murya ta bakwai, muna darasi a kan yadda kunya ke hana wanda aka saki komawa gida."

"Me mutumin ya ce?"

Ta auna abin da ya halatta ta faɗa. "Tunda aji ya ji, kai ma ka ji. Rikicin iyakar gona ne, aka yi faɗa, wani ya mutu a hannunsa. Ya ce da za a tafi da shi ya roƙi matarsa ta gaya wa 'yarsu tafiya ya yi. Yarinyar tana da shekara takwas a lokacin. Shekara sha ɗaya ya yi a ciki, yau shekara uku da sakinsa, bai je gida ba. Ya ce gara ta ci gaba da jiran matafiyi da ta karɓi mai kisa."

"Wani ya yi magana a ajin?"

"Babu. Tsit suka yi. Sai na ɗauka darasin ne ya shige su."

Da la'asar Jatau ya koma ɗakinsa na bayan get, ba shi da komai a hannu sai mutum tara da ƙusa ɗaya. Ya ɗauki tsintsiya kamar kullum. Ya fara daga bakin ƙofa ya yi ciki, ya tara sharar a lungu, ya kwashe a kasko zai zubar ta taga. Nan ya tsaya da kaskon a hannu.

A ƙauyukansu, gidan da wani ya yi tafiya bai dawo ba, ba a fitar da shara ta ƙofar da ya fita. Ana cewa in ka share waje ka share sawunsa, hanya ta ɓace masa. Sai a shara ciki, a kwashe, a zubar ta bayan gida. Fastoci sun yi wa'azi a kai har sun gaji, mata suka ce amin suka ci gaba da abinsu. Haka matarsa ta yi tun ranar da ɗansu Mark ya hau mota zuwa kudu neman aiki, har ta koma ga Ubangiji. Shi kuma ya ɗauka daga inda ta tsaya. Shekara tara ke nan. Ya bi sawun ɓarayin shanu kwana uku a kan duwatsu ya kamo su, amma sawun ɗansa a tasha ya ƙare, kuma har yau in mota ta tsaya a bakin get sai ya ɗaga kai. Hannunsa ya saba da sharar har idonsa ya daina ganinta, shi ya sa jiya ya kalle ta a ofis bai gane ta ba.

Ofishin Dakta ƙofa ɗaya gare shi, tagarsa kuma da raga. Wanda ya share ya rasa ta inda zai fitar, sai ya bar ta a bayan ƙofa. Jatau ya zauna a bakin gado. Ya san irin gidan da ɓarawon ya fito, kuma bai ji daɗin sanin ba ko kaɗan.

Kowace Juma'a da safe ɗalibai ke share harabar kwalejin, aji aji. Jatau ya ɗauko bencinsa ya ajiye a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa, kamar mai shan hantsi. 'Yan ajin ƙarshe aka ba barandar majami'a da ɗakunan gefenta. Bakwai daga cikinsu suka yi ta watso shara waje ta ƙofa, suna hira. Ta takwas ta shiga ɗakin mawaƙa ita kaɗai, ta fara daga dokin ƙofa ta yi ciki, ta kwashe a kwali, ta zagaya ta ƙofar baya.

Lydia ce. Yarinya mai shiru, ta ɗaya ko ta biyu a ajin, wadda kullum in za ta wuce get sai ta rusuna ta gaishe shi da irin Hausar garinsu. Ya lura ta rame a kwana biyun nan. Ya ji gyaɗar ta fita ransa, ya ɗaure sauran a leda.

Ƙarfe goma sha biyu aka taru a ɗakin taro. Rabaran Mordecai da malamai biyu a kan tebur, Dakta Rhoda a gefe, ɗalibai tara a jere, Ebuka a ƙarshe da kujera ɗaya babu kowa tsakaninsa da saura. Mama Bibiana ma ta zo, ba a gayyace ta ba, ta ce sai an wanke ta a gaban jama'a.

"Baba Jatau, an ce kana da magana," in ji Rabaran.

"Ranka ya daɗe, kaɗan ce. Bibiana ba ta ciki, tana asibiti. Yaron nan kuma yana kan ganga tun farkon sujada har ƙarshe, kowa ya ji shi, mabuɗinsa na rataye a ƙusa. Wani ya ɗauka ya mayar."

"Wa?"

Jatau bai dubi kowa ba. Ya ba su labarin sharar bayan ƙofa, da al'adar ƙauyukansu, da abin da take nufi. Wani malami ya yi murmushi irin na masu digiri, Jatau ya ƙyale shi.

"Wanda ya share ɗakin nan ya yi wayo, ya goge sawunsa yadda na koya masa. Hannunsa ne bai yi wayo ba. A gidan da ake jiran wani ya tashi, tun yana ƙarami haka ya ga ana yi. Kuma ba don ya sayar ya ɗauka ba. Na san ko waye, ranka ya daɗe, in ka ce in faɗa zan faɗa, don ba zan bari a kori yaron nan a banza ba. Amma na fi so ya faɗa da bakinsa."

Jatau yana kallon ƙasa yana roƙon Allah kada a kai shi ga nuna ta da yatsa.

Kujera ta motsa. Lydia ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta fito da rikodar a naɗe cikin hankici, ta ajiye a gaban Dakta Rhoda.

"Ni ce. Ebuka, ka yafe mini. Tun shekaranjiya nake so in faɗa, na kasa." Ta juya wajen Dakta. "Ma, murya ta bakwai babana ne. Tun kalmar farko na gane shi. Ni aka ce wa ya yi tafiya. Na so in ji shi ni kaɗai sau ɗaya in mayar kafin a tashi sujada. Da na kunna sai na kasa kashewa."

"Me ya hana ki zo wurina, Lydia?"

"Da kin ba ni?"

Dakta Rhoda ta sunkuyar da kai. "A'a."

Kwamitin bai daɗe ba. Dakta ta roƙa, Ebuka da kansa ya roƙa, har Bibiana ta sa baki. Rabaran ya ce dokar da ya ɗaga a kan Ebuka ran Laraba ba zai sauke ta ran Juma'a don wadda ta faɗa wa ta fi ba shi tausayi ba. Ya sa hannu a takardar kora. Shekara huɗu suka tafi saura mako uku, kuma Jatau ya san shi ya kawo ta nan. Ya ceci yaro, amma ransa bai yi masa daɗi ba.

Lydia ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar ta ninke.

"Ma, tunda na riga na biya, ki gaya mini inda yake."

"Ba zan iya ba, 'yata. Na yi masa alkawari. In na karya nasa, na karya na sauran sha ɗayan."

"To ki bar ni in ƙara ji sau ɗaya."

Dakta ta dubi Rabaran, ya gyaɗa kai. Ta kunna minti biyar ɗin nan da aji ya riga ya ji. Muryar namiji ta fito, a hankali, irin ta wanda ya daɗe bai yi doguwar magana ba. Kowa yana sauraron abin da yake faɗa, ban da Jatau. Shi bayan muryar yake saurare. Akwai kwandasta yana kiran Samaru, Samaru. Akwai injin markaɗe da ke tashi yana mutuwa. Wata mata tana ciniki da Turancin kasuwa. Sannan kusa sosai, duk lokacin da mutumin ya rasa abin faɗa, sai a ji ƙaramar guduma tana bugun ƙusa a kan ƙarfe, sau uku, sau huɗu.

Asabar ɗin nan Jatau ya nemi hutun da bai taɓa nema ba. Ya yini yana zaga wuraren da motocin Samaru ke lodi a Sabon Gari, yana neman inda mai markaɗe da mai gyaran takalma suke maƙwabtaka. Wuri na huɗu ya samu.

Ran Litinin da safe Lydia ta fito da akwatinta za ta bar kwalejin. Ta rusuna ta gaishe shi kamar kullum, wannan ya fi masa zagi ciwo.

"Ajiye akwatin nan, 'yata. Malama ta riƙe alkawarinta, ba ta gaya mini komai ba. Kunnena ne ya ji. Zan nuna miki wani mutum daga tsallaken titi. In kin ga ba za ki iya ba, mu juyo, ba wanda ya sani."

Ta bi shi suka hau bas, suka sauka a Sabon Gari. Mutumin yana zaune a ƙarƙashin wata tsohuwar laima kusa da shagon markaɗe, furfura ta cinye masa kai, ƙusoshi a bakinsa, takalma jibge a gabansa. Lydia ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tsallaka titin, Jatau na biye da ita a baya kaɗan.

Mutumin bai ɗaga kai ba, masu sana'arsa ƙafa suke fara gani. Ya cire ƙusoshin daga baki.

"Sannu 'yan mata. Me za a gyara?"

Sai ta sunkuya ta cire takalmin dama ta miƙa masa, ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan ƙasa. Ya juya takalmin, ya lanƙwasa shi, ya duba ɗinkin.

"Ai wannan lafiyarsa ƙalau."

Ya miƙo zai ajiye mata a gaban ƙafar, sai hannunsa ya tsaya. A bayan ƙafar akwai wani tsohon tabo, dogo, ya ratsa daga tushen babban yatsa zuwa idon sawu. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa har sai da Jatau ya matso.

"Wannan tabon, fartanya ce."

"Fartanyarka ce, Baba."